Matatar Ruwan Da Na Sa A Firiza

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kusa kashe surukina da ruwan sha ba (na ce surukina ne don bakina ya saba, za ku ji yadda ta kaya).

A lokacin ina aikin sito a wani kamfanin roba da ke Challawa, ina zaune a Panshekara. Aikina bai wuce buɗe sito da rufe shi ba, amma a unguwa Injiniya ake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina neman auren Hindatu, 'yar Malam Hamisu, wani dattijo mai lambun albasa a bakin kogin Challawa. An kai gaisuwa, an karɓa, sa rana kawai ya rage.

Ina da abokin aiki, Bulus, mutumin Filato, yana kan injin narka roba. In ya je gida hutu yakan raka masu hawan duwatsu, irin mutanen nan da ke goya jaka su je su kwana a daji don nishaɗi. Wani Bature a cikinsu ya bar masa 'yar matatar ruwa, shi kuma ya ba ni da ya ga idona ya ƙi barinta. Tsawonta bai wuce ƙaramar tocila ba. Za ka cika wata jakar roba da ruwan rafi, ka murɗa matatar a bakinta, ka matsa, sai ruwa ya riƙa ɗigowa garau.

"Abu ɗaya, mutumina," in ji Bulus, "kada ka bari ruwa ya daskare a cikinta. Akwai ƙananan zare a ciki, za su fashe, kuma ba za ka gani daga waje ba. Baturen ya ce a ƙasarsu cikin bargo suke kwana da ita."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Bulus, daskarewa a Kano? A watan da kwalta ke narkewa?" Takardar bayanin da ya haɗo mini da ita kuwa, na ninke ta huɗu na tokare ƙafar teburina da ke rawa.

Matatar tana aiki, sai dai abu biyu suka dame ni: ruwan a hankali yake fita, kuma da ɗumi. Sai basirar Injiniya ta motsa. Ranar Alhamis na jefa ta cikin firizar kantin ma'aikata don ta yi sanyi, na manta da ita sai washegari. Na tarar da ita kamar dutse. Wallahi ko sau ɗaya maganar Bulus ba ta faɗo mini ba, don a kaina daskarewa abin ƙasar Turawa ne, ba abin da ke faruwa kusa da lemon kwalba ba. Da ta narke na gwada, sai ga ruwa yana zuba shaa kamar famfo. Na ce alhamdu lillahi, ta buɗe. (Har raina ya raya mini cewa masu ƙera ta ma ba su san kan kayansu ba.)

Ranar Asabar na kai gayya lambun Malam Hamisu, ni da abokaina biyu na unguwa, mu taya shi cire albasa. Da hantsi Hindatu ta kawo mana dambu da kunun aya ta koma gida. Kafin azahar ruwan jarka ya ƙare. Malam ya ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya ya ce bari ya je ya tono mana ruwa. Haka ya saba shekara da shekaru: ya taka can sama da inda magudanar kamfanoni ke zuba a kogi, ya tona yashi, ya jira ruwa ya taru ya kwanta, sannan ya ɗiba.

Na tare shi na ce, "Baba, ku zauna ku huta, ai an wuce wannan zamanin."

Akwai wani kududdufi a gefen lambun, kore shar, inda shanu ke sha. Nan na cika jakata, na tsaya a tsakiya inda kowa zai gan ni, na matsa. Ruwan da ya taru a ƙwaryar bai yi garau kamar da ba, na ce kalar ƙwaryar ce. Malam ya karɓa, ya kai hanci, ya dube ni, ya dubi abokaina da suka zuba masa ido. Ya yi bisimilla ya shanye tas. Abokaina suka kurɓa kaɗan. Ni leɓe kawai na jiƙa, don bakina na can yana lacca a kan ƙwayoyin cuta.

Ranar Lahadi aka kwashi Malam a a-daidaita-sahu zuwa asibiti, amai da gudawa. Abokaina ma cikinsu ya ɓaci. Nan take kowa ya ce kunun aya ne, ai an san ba ya jure rana. Malam bai faɗa wa kowa zancen kududdufi ba.

Litinin da safe na nuna wa Bulus matatar, don na fara zarginta. Ya jiƙa ta, ya sa a baki ya busa, iska ta wuce fuu.

"Mai lafiya ba ta barin iska ta wuce haka. Ka sa ta a ƙanƙara ne?"

Na ce sau ɗaya ne. Na ba shi labarin lambu. Nan take ya ce, "Ka je ka faɗa musu yau ɗin nan. Ko likita ma ya san abin da yake yi wa magani." Na ce to.

Na je ɗin kuwa. Na tarar da Malam ya zabge, idanu sun faɗa, ana ta ƙara masa ruwa leda bayan leda, likita na cewa ƙodarsa ta fara gajiya. A baranda Inna, mahaifiyar Hindatu, ta sa ta a gaba tare da gwaggwanninta biyu, ana tambayarta da wane ruwa ta dama kunun, a ina ta ajiye shi, don me ba ta ɗanɗana ba. Hindatu ko abinci ta daina ci. Da muka keɓe ta ce mini, "In Baba ya mutu ni na kashe shi." Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshena. Sai na ji kaina ina cewa, "Ki daina kuka, ƙaddara ce."

Haka na yi ranar Litinin, haka na maimaita ranar Talata, har da yi mata nasiha a kan haƙuri. Tsoro nake ji kada a fasa ba ni ita, ba wani dalili. In na shiga ɗakin Malam yakan buɗe ido ya dube ni, ya mayar ya rufe.

Ranar Laraba da la'asar ina tsaye a gefen gadon riƙe da filas, ɗakin cike da dangi, sai ga Bulus da ledar lemo da burodi. Ya durƙusa har ƙasa, ya cire hula.

"Baba, sannu da jiki. Na zo in ba ku haƙuri ne, don ni na ba shi matatar nan. Na gaya masa kada ta daskare, amma da na sani da ban ba shi ba sam."

Inna ta ce, "Wace matata, ɗan nan?"

Bulus ya waiwayo ya dube ni. "Ba ka faɗa musu ba?"

Murfin filas ya kuɓuce mini ya gangara ƙarƙashin gado, na kuma yi fatan in bi shi. Da bakina na zayyana komai, firiza da kududdufi da laccar da na yi, a gaban Inna da gwaggwanni da majinyatan sauran gadaje, da wani mai jinya da ya rage ƙarar rediyonsa don ya ji da kyau. Hindatu ta daina kuka. Sai Malam ya ɗago hannun da ba allura, da wata murya can ƙasa ya ce, "Ku ƙyale shi. Tun a ƙwarya na ji warin ruwan. Ban so in kunyata shi a gaban abokansa ba ne."

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Malam ya tashi bayan kusan mako biyu, amma ƙarfinsa bai dawo ba. Albasar da muka tara rana ta cinye rabinta, shekarar da ta biyo baya kuma ya bai wa wani lambun. Na je gida na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira. Da zan fita na tarar da Hindatu a soro.

Ta ce, "Maganar ruwan, kuskure ne, Baba ya yafe, ni ma na yafe. Amma kwana biyu kana kallona ina cewa na kashe ubana, kana ce mini ƙaddara ce. Wannan ba zan iya zama da shi ba."

Mako na zagayowa aka dawo mana da kayan gaisuwa, ko tsinke bai ɓata ba. A unguwa kuma sunana ya tashi daga Injiniya ya koma Firiza, har yau akwai masu zaton ƙanƙara nake sayarwa.

Daga baya na zaro takardar nan daga ƙarƙashin ƙafar tebur na karanta. Gargaɗin yana layi na biyu, da manyan baƙaƙe. Yanzu ko maganin sauro na saya sai na karanta takardarsa har ƙarshe. Amma na duba waccan gaba da baya, babu inda aka rubuta abin da mutum zai yi in ya yi ɓarna aka ɗora wa wani. Wannan ba sai an rubuta mini ba. Na san shi sarai ranar Litinin ɗin nan a barandar asibiti, na buɗe baki na ce ƙaddara ce.