Ranar da Saba Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka ƙaddamar da shafin intanet na ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai a Dutsin-Ma. Ni na gina shi, domin tun da na yi ritaya nake koyon aikin, kuma ban cika yarda da hannun wani ba.

A makarantar mishan an hore mu da abu biyu: kada a bar ƙazanta a takarda, kada kuma a wuce kuskure ba tare da sharhi ba. Saboda haka, cikin umarnin da na rubuta wa shafin, na riƙa barin sharhi a gefe, irin wanda kwamfuta ke tsallakewa, babu mai gani sai marubucin. (Tsohon malami ba ya rabuwa da jan biro.)

Da safiyar ranar, na sake buɗe saitin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Na tarar da layuka birjik babu tsari, na share duk wanda ban ga amfaninsa ba. Ashe har da layin da ke gaya mata ta aiwatar da umarnin, kada ta baje shi a fili. Ban sake gwadawa ba, domin a ganina tsabta ba ta ɓata komai.

Zauren taron ya cika. Shugabanmu Alhaji Lawal, aminina tun muna koyarwa a Kurfi, ya taso daga Wurma cikin babbar riga. Aka haska fuskar kwamfutata a bango, na danna don buɗe shafin. Maimakon hotonsa, sai rubutuna ya zubo tsirara.

Hajiya Binta, sakatariyarmu, ta gyara tabarau ta shiga karantawa da ƙarfi, kamar tana gaban aji: "Nan jawabin shugaba zai shiga. A rage shi, mutumin nan bai san inda ake tsayawa ba."

Na duƙufa kan kwamfutar. Na nemi inda ake rufewa, na rasa.

"Ci gaba, Hajiya," in ji Alhaji Lawal a natse. "Na ga akwai saura."

"Nan hoton sakatariya. Ta aiko na ƙuruci..." Ta juyo gare ni. "Malam, Allah ya isa!"

Aka kwashe da dariya, amma ban da shugaba. Ya tashi ya yi jawabinsa, ya fita bai ba ni hannu ba.

Washegari na hau acaɓa zuwa Wurma, ina tsoron abotarmu ta mutu. Ya bar ni a ƙofa na ɗan lokaci, sannan ya fito da takardu. "Zauna, Malam. Na yafe, amma sai ka ji cikakken jawabina, wanda ba ka rage ba."

Na saurara har la'asar, ban yi tari ba. Yanzu duk layin da ban fahimta ba sai in bar shi inda na same shi, ra'ayina game da abokai kuwa uwargida kaɗai nake gaya wa, da baki.