Teburin Tambaya da Rumfar Tela

"In kowa ya san abin da na sani, me za a ajiye ni in yi?" Haka na ji Mai Girma Babban Hatimi, ɗaya daga manyan ofishinmu, yana gaya wa direbansa a kan matakala jiya da safe, kuma maganar ta ƙi barin kaina.

Ni ce yarinyar da aka zaunar a teburin tambaya na ofishinmu. Aikina in gaya wa mutane inda za su je, sai dai ni ba wanda ya taɓa gaya min. Ga ni da kunya, in na ga babba bakina mutuwa yake yi.

Maƙwabcinmu tela ne ya jawo min. An shafa wa rumfarsa jan fenti, in bai sabunta izini kafin ƙarshen mako ba, rushewa za a yi. Na tura shi hawan sama, Babban Hatimi ya ce ai tun bara aikin ya koma ƙasa. Na ƙasa, wato Mai Girma Dawo-Gobe, ya ce an soke sabuntawar gaba ɗaya. Na ƙarshen baranda ya ce ba a soke ba, hoto mai shuɗin bango kawai ake so. Sakatarensa ya bi tela da raɗa, wai mai farin bango ake so.

Da yamma tela ya tare ni a ƙofar gida. "'Yata, aiki kike yi a can ko shan inuwa?"

"Baba, ana kan bincike."

"Har kin iya yarensu. Allah ya yi albarka."

Kada dai a ce manyanmu ba sa ƙoƙari. Sun kafa Kwamitin Musayar Sani, sun sayo ƙatuwar talabijin ta bango. Mutum ɗaya ne ya iya kunna ta, shi ma ya yi ritaya da iyawarsa. Yau kwamitin ya zauna, rabi a ɗakin taron sama, rabi a na ƙasa, kowane ɓangare yana ta zagin ɗayan da makara.

Ni aka aika in kai ruwa sama. Ta taga na hango tela a bakin get, riƙe da hotunansa kala-kala. Babban Hatimi yana tattara wayoyinsa, ya ce kamar yadda ya saba, "Ba mai tambaya ko?"

Na ajiye tiren kofuna, na dube shi na ce:

"Ranka ya daɗe, maganar izinin rumfar nan, ɓoye mana kuke yi, ko ku ma ba ku sani ba ne?"