Neman Kaka Saboda Jar Dawa

Wani ne a Zinder, shekarun nan na fari, lokacin da aka jera damina biyu gero bai kai gwiwa ba. Mutumin ga-ruwa ne a Zango. To, rijiyoyi sun ƙafe, ga-ruwa kuwa in babu ruwa ai ya koma ga-mutum kawai. Kwana biyu tukunyar matarsa a kife.

Sai aka ce an kawo jar dawa ta taimako, ana rabo a mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, kowane magidanci buhu guda, amma sai da tike. Gogan naka ya bi layi tun hantsi, bai iso gaban tebur ba sai bayan azahar. Ga mushen biro, wato malamin ofis, zaune da ƙaton kaye na rajistar sunaye da bik na rubutu a hannu.

"Sunanka?"

Ya faɗa.

"Sunan uba?"

"Sallau."

Mushe ya ajiye bik. "Kai ne ɗan Sallau na goma sha bakwai yau. Shi Sallau ɗin ɗan wa?"

"Ɗan kakana."

"Na sani. Kakan, yaya sunansa?"

"Kaka muke ce masa."

"Har ubanka?"

"A'a, shi Baba yake ce masa."

Mushe ya ce, "Ba sunan kaka, ba tike. Na baya, matso!"

"Haba Mushe! Shi zai ci dawar ko ni? Mutumin da ya rasu tun ban yi kaciya ba!"

Gardi ya ɗaga kulki. Gogan ya fice.

Ya tuna akwai wata tsohuwa a Birni, Inna Zainaba, matar ƙanen ubansa. Ita kaɗai ta rage cikin manya. Ya same ta tana tankaɗen dusa. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, yaya sunan kakana?"

Faifai ya suɓuce mata. "Subhanallahi! Surukin nawa? Shekara hamsin sunan nan bai fito bakina ba, sai yau saboda dawa?"

"Inna, buhu guda ne fa. Cikakke."

"Ko rumbu ne."

Ya yi tunani. Ya ce, "To, ga dabara. Ni zan riƙa faɗin sunaye. In na taɓo nasa, ke dai rufe fuska."

Ta ce ta yarda.

"Tahiru."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Gogan ya yi tsalle. "Alhamdu lillahi!"

"Zauna. Wannan mijina na fari ne."

Ya zauna. "Alkasum."

Ta rufe.

"Shi ne?"

"Ɗan farina ne."

"Lawali?"

Ta rufe. "Mijina na biyu."

"Muntari?"

"Wan mijina na uku. Mutumin kirki, Allah ya ji ƙansa."

Wallahi har la'asar yana jero sunaye, mayafin nan bai sauka ba. Duk sunan da ke ƙasar Damagaram sai da ya kira. Ya gaji ya ce, "Inna, wai akwai namijin da kika bari ba ki aura ba, ba ki haifa ba?"

Ta jefe shi da faifai. "Tashi, mara kunya! Je ka Mirriya, can aka binne cibiyarsa. Dogo ne, yana da jaki."

Ranar Lahadi ya maƙale a bayan wata kamiyo mai ɗaukar kaya, sai Mirriya. Kasuwa na ci, amma ba abin da ake sayarwa sai igiya da tabarmi da tsamiya da awakin da iska ke kadawa. Ya hango tsofaffi kwance gindin tsamiya. Ya yi sallama.

"Baba, kakana nake nema. Dogo, mai jaki."

Ko kai ba su ɗaga ba. Ɗaya ya ce, "Yaro, a zamaninmu kowa dogo ne, kowa da jakinsa. Me za ka yi da shi?"

"Buhun dawa ne ke jirana a Zinder. Sai da sunansa za a ba ni."

Wurin ya yi tsit. Har awaki suka daina kuka.

Tsohon ya tashi zaune. "Buhu?"

"Buhu."

"Matso in ga kunnenka." Ya kama kunnen, ya juya shi, sai ya fashe da kuka. "Wayyo Kolo! Kunnen wana Kolo ne sak! Mutumin da ya saɓa igwar Sarki a kafaɗa ya kai ta Birni, ko ruwa bai tsaya sha ba!"

Na kusa da shi ya buga sanda a ƙasa. "Ƙarya kake! Dubi goshi. Wannan jinin kawuna Musa ne. Shi da ya haƙa rijiya gaba ashirin tsakanin hantsi da azahar, ya koma gida ya ce bai samu aikin yi ba yau."

Wata mai sayar da tsamiya ta taso da gudu, zani na faɗuwa. "Ku rufa wa kanku asiri! Ku ce ya taka ku gani. Taka, ɗana."

Ya taka.

"Kun gani? Tafiyar babana Ɗanjuma! Shi da kura ta gani ta ba shi hanya, har da gaisuwa."

Gogan ya kumbura. Jiya ba shi da kaka ko ɗaya, yau ga uku, kowanne ya fi wani. Yunwar ma ya manta da ita.

Da yamma ya dawo Zinder da kakanni uku a ka, da dangi goma sha huɗu a baya, kowa da ƙwaryarsa. Matarsa ta leƙo, ta ga tsakar gida ya cika.

"Malam, su wane ne waɗannan?"

"'Yan'uwa ne. Ki gaishe su."

Ta riƙe haɓa. "Ka tafi neman matacce ɗaya, ka dawo mini da masu rai goma sha huɗu, kowa da bakinsa?"

Washegari suka ɗunguma zuwa mangaza. Mushe ya ɗaga kai. "A'a, ɗan Sallau. An samo kakan?"

"Kolo!" in ji tsoho na farko.

"Musa!" in ji mai sanda.

"Ɗanjuma!" in ji mai tsamiya.

Mushe ya dube shi. "Kai kaɗai, kaka uku?"

"To Mushe, ba sai a ba ni buhu uku ba?"

"Layi ɗaya ne a kayen nan, suna ɗaya yake ɗauka. Ku je ku daidaita."

Suka koma inuwar wani dutse suka zauna daidaitawa. Wannan ya ja kunne, wancan ya dafa goshi, mai tsamiya ta ce a sake takawa. Ya taka ya fi sau ɗari. Kwana uku ana abu ɗaya. Jakuna na wucewa ta gabansu da buhuna, ba wanda ya kula. Ran na uku aka kai ga sanduna, bugu na farko kuwa a kan jikan ya sauka.

Wani malami mai wucewa ya shiga tsakani. "Haba bayin Allah! Da furfurarku? Kan kaka kuke faɗa? Ai in aka bi salsala, dukanmu kakanmu ɗaya ne, Adamu."

Gogan ya saki kansa da yake riƙe da shi. "Malam, me ka ce?"

"Adamu."

"Har ni?"

"Har kai."

Ya juya ga tsofaffin. "Baba, ka yarda?" Tsoho ya ce wa zai musa. "Kai fa, Baba?" Mai sanda ya ce haka yake a littafi. Mai tsamiya ma ta ce haka ne.

Gogan ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, dangi na biye. Ya tarar ba layi, ba gardi. Ƙofar mangaza a buɗe, wata kaza tana tone-tone a ciki. Mushe yana ɗaure kayensa a bayan keke.

"Mushe! Mushe! Na samo! Wanda ba mai gardama a kansa!"

"Wa?"

"Adamu!"

Mushe ya leƙa cikin mangaza, ya dubi kazar, ya hau kekensa.

"Adamu ko? Ayya, ka makara. Sauran jikokinsa sun riga ka."