Rasuwar 'Yar Bindiga, Mai Auna Zafin Zubi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da kewa, ni Badamasi mai zubin tukwane, na bayan tashar Birnin Konni, ina sanar da rasuwar abokiyar aikina, na'urar auna zafi da muke kira 'Yar Bindiga. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana bakin aiki.

Ɗana Alhasan ne ya kawo ta shekarar da yanar ido ta fara rufe mini gani, na daina gane narkakken sanholo, wato alminiyon tukwane, in ya kai zubi. Ya saita ta, ya tafi ci-rani Aljeriya, har yau shiru. Ba na ganin lambobin fuskarta, muryarta nake bi. In na auna ta ga kaskon narki ta yi shiru, sai in ƙara zuga. In ta ce "tit-tit-tit", in zuba. Tun zuwanta tukunyata ba ta fito da huji don zafi ya wuce ba, ba ta fito guntuwa don ƙarfe ya huce ba. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, abincinta pil ɗaya ne, wato batir. Wata ranar, daga asuba har magariba, ita kaɗai ke yi mini magana.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Don gudun raɓa nake kwantar da ita cikin tsohon gwangwanin madara. Iska ta ture shi cikin tulin gwangwanayen narki, ni kuma na kwasa da lalube na juye a kasko. Daga cikin wuta na ji "tit-tit-tit". Ko a lokacin gaskiya ta faɗa, ƙarfen ya kai.

Ta bar zugazugi, da ludayin zubi, da manyan tukwanen da Hajiya Basira ta unguwar Dogarawa ke jira don abincin suna, waɗanda ban san yadda zan zuba su ba. Ta kuma bar ni, kuma ina jin tsoro.

Za a binne ragowarta da na yaɗe daga saman kaskon ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin bishiyar bedi ta maƙera. Ƙarfen da ta narke a ciki na zuba ƙaramar tukunya da shi, ta cin mutum ɗaya, ba ta sayarwa ba ce. Ba a bukatar tabarmi da yawa. Wanda Allah ya haɗa shi da Alhasan ya gaya masa ta rasu, ya gaya masa ni ina nan.