Ranar da Na Tarwatsa Manoman Barkiya

Ni nake koyar da 'ya'yana a gida, kuma na dage sai sun ga tarihi da idonsu. Na kwashe su daga Dutsin-Ma zuwa wani dutse kusa da Barkiya, na haye ƙololuwa don in nuna musu aikin mai gadin gari a zamanin ganuwa. Na cika ƙirji, na kwarara ihu: "Ga mahara nan!"

Na manta zamanin da muke ciki. Manoman da ke ƙasa suka yar da fartanya, kowa ya yi ta kansa. Sai da na bi gona-gona ina ba da haƙuri. Wani dattijo, yana neman takalminsa, ya ce, "Malam, gobe ka koya musu lissafi."

Har yau in na shigo gida, uwargida sai ta ce, "Yara, ku ɓuya, Sarkin Yaƙi ya dawo."