Cokalin Kwamiti da Murfin Kwalbar Dije

Jiya Talata na ci ɗanyen tuwo a gidana, kuma a gaban baƙo. Yayana Babaji ne ya shigo daga Batagarawa ba aike. Maiɗakina Dije ta ƙara ruwa a tukunya, amma ba ta ƙara kananzir a risho ba, don ita gwangwanin madara ɗaya take zubawa a wuni, ko wa ya zo. An yi talge ke nan wuta ta yi ja, ta yi hayaƙi, ta mutu. Haka ta tuƙa shi. Babaji mutumin kirki ne. Ya yi loma uku, ya yabi miya, sai ya tuna yana da ta'aziyya a Ƙofar Guga.

Na ɗauki galan na nufi gidan mai. Na tsaya layi tun azahar har aka kira la'asar, sannan mai zubawa ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Kafin nan mun ga wata farar mota mai lambar gwamnati ta shiga ta baya da duro biyu. Muka ci gaba da layinmu. Ai mu muka zaɓe su bara, kuma irin wannan layin muka yi a rana.

Kada mai karatu ya ga laifin Dije. Tun zamanin soja take awo. Omo, murfin kwalbar lemo ɗaya a bokiti. Sabulun sanda da zare take yanka shi gida takwas. Shayina ƙwayar sukari biyu ne, in na nemi ta uku sai ta tambaye ni ko an yi ƙarin albashi. Da haka ta riƙe gidan malamin firamare shekara goma sha tara, ba ta taɓa kiran taro a kai ba.

To, yanzu gwamnati ta shigo cikin maganar. Maƙwabcina Alhaji Bala, wanda kafin zaɓe tare muke sayen omon ƙulli a shagon unguwa, shi ne Mai Girma Shugaban Kwamitin Wayar da Kan Iyali a kan Tsimi da Tanadi. Motocinsa uku. Kullum da safe ana wanke su, kumfa ta biyo kwata ta wuce ta ƙofar gidana fara fat. Dije takan leƙo, ta dube ta, ta koma ciki.

Makon jiya kwamiti ya kira matan unguwa bita, Dije ta je. An kunna janareto wuni guda, fitilu na ci da rana tsaka. An ɗauko masani daga nesa, an sauke shi a otal kwana huɗu. Ya yi bayani da Turanci, tafinta ya juya, abin da aka tsinta shi ne a daina zuba omo da ka, a riƙa aunawa. Sai aka raba wa kowace mace koren cokalin roba, kyauta, romon dimokuraɗiyya.

Dije ta juya cokalin a hannu, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, wanga cokalin na sati ne ko na wata?"

Mai Girma ya ce na wanki ɗaya ne, Hajiya, ko da yake ya san ko Kano ba ta cika zuwa ba. Ta ce mashi murfinta huɗu ne a cikin cokalin, in ta bi shawarar gwamnati omon wata zai ƙare mata ran Alhamis. Mata suka rufe baki da mayafi.

Mai Girma bai yi fushi ba, Allah ya ƙara mashi haƙuri. Ya ce wannan muhimmin bayani ne, za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba girman cokalin, kuma 'yan kwamitin za su fita waje su ga yadda ƙasashen da suka ci gaba suke auna nasu omon. Aka tafa. Da aka tashi, Dije ta bi ƙarƙashin kujeru, ta ratsa kwalaben lemon da aka sha rabi aka bari, ta tsince murafen, ta raba wa mata a hanya.

Jiyan nan, ina dawowa da galan ba komai, na haɗu da Mai Girma a bakin lungu. Ya sauke gilashi, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ya ce albishirina, zagaye na biyu na tafe, za a koya wa mata auna kananzir, har an ba da kwangilar kofuna.

"Ranka ya daɗe," na ce, "kofin da kananzir a ciki zai zo?"

Ya ce wannan ba hurumin kwamitinsa ba ne. Gilashi ya koma sama.

Na yi mashi addu'a, na shige gida. Mai karatu, in an zo raba kofin nan a unguwarku ka karɓa, kada ka raina. Ana shan ruwa da shi, ranar da famfo ya kawo.