Ranar da Zakin Tudu Ya Taka Dutse da Ƙafarsa

Duk wanda bai san Zakin Tudu ba, to bai ga jarumta da idonsa ba, sai dai ya ji labarinta a bakin mutane. A ofis shi ne Mataimakin Darakta mai kula da sayen kujeru da labulaye, amma wannan aikin Litinin zuwa Juma'a ne, yana yinsa ne kawai don kada ma'aikata ta durƙushe. Ainihin aikinsa sai ranar Asabar, idan sanyi ya shigo, lokacin da Ƙungiyar Masu Tattaki da Hawa Keke ke fita hawan dutsen da ke bayan gari. Shekara shida ke nan yana shugabancinta. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, don ya hutar da jama'a wahalar nema.

Kekensa kuwa abin a zo a gani ne. Giya ashirin da huɗu gare shi, da tayoyi masu haƙora, da 'yar na'ura mai ƙirga bugun zuciya. Ga hular kwano mai tsini, ga safar hannu, ga wando mai kama jiki wanda bai taɓa rufa wa tumbi asiri ba. Har takalma yake da su na musamman, masu maƙalewa a jikin feda kamar kaska.

A shekara shidan nan ba a taɓa samun wanda ya riga shi isa ƙolin dutsen ba. Mutane za su iso suna haki, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, su tarar da shi tsaye, hannu ɗaya a kan keke, laka har gwiwa, yana kallon nesa. Haka kuma ba a taɓa samun wanda ya gan shi yana hawan ba.

"Shugaba na gari ba ya tafiya cikin ayari," in ji shi. "Tun kuna cikin bargo nake tashi in duba muku hanya. Abin da ni da dutsen nan muka sani, ba kowane kunne zai iya ɗauka ba."

Wannan gaskiya ne. Abin da suka sani shi ne, akwai wata hanyar mota ta bayan dutsen, wadda masu gyaran eriyar waya suke bi. Ta nan Baba Direba, wani dattijo mai furfura wanda bai iya yawan magana ba, yake kawo shi kowace Asabar, ya ɓoye motar bayan shingen eriya. A but ɗin motar akwai 'yar roba ta laka da buroshi. Zakin Tudu zai shafa ta a wando da tayoyi cikin nutsuwa, ya yayyafa ruwa a goshi, sannan ya je ya tsaya. In za a sauka kuwa shi ne na ƙarshe, wai don ya tabbatar ba a bar kowa a baya ba.

Shi ne kuma ya rubuta wa ƙungiyar tsarin mulki. Sashe na huɗu ya ce zaɓen shugaba a ƙolin dutse ake yinsa, Asabar ta ƙarshe ta sanyi, ba a ɗagawa, kuma ba a zaɓen wanda ba ya tsaye a wurin. Da wannan sashen ya rabu da tsohon shugaba, wani bawan Allah mai ciwon gwiwa. Ya kuma yi wa Baba Direba rajista a matsayin cikakken mamba, saboda ƙuri'a ko ɗaya ce ba a raina ta. An ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Zakin Tudu ba ya son ƙaramin aiki.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, Baba Direba ya shigo ofis ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ruwan bazata da aka yi jiya ya tafi da gadar hanyar baya."

Zakin Tudu ya jawo waya. Nan take ya kira Sakatariya, wata malamar lissafi da ba ta san wasa ba, ya ce yana ganin a ɗaga zaɓen saboda lafiyar mambobi. Ta karanta masa sashe na huɗu tun daga farko har ƙarshe, ta kuma yaba masa hangen nesan da ya yi wajen rubuta shi.

Da safe mutum talatin suka taru a gindin dutse, wasu da kekuna, wasu da sanduna, kowa ya ƙudundune. Yau kuwa sai ga Shugaba a cikinsu. Ya hau wani kututture ya gyara murya.

"Na yanke shawara yau in sauko cikin talakawana. Zan rage gudu ƙwarai, don ku ga yadda ake yi. Wanda ya ga wani abu bai gane ba, ya riƙe tambayarsa sai mun kai sama."

Ya hau keke, takalma suka ce ƙas, suka maƙale. Ya zaɓi giya mafi nauyi, domin a ganinsa ƙananan giyoyi na ƙananan ma'aikata ne. Hawan farko keken ya yi taku goma, ya yi biyar, ya tsaya ya yi tunani. Zakin Tudu ya so ya sauke ƙafa, sai ya tuna mai shago ya taɓa yi masa bayanin yadda ake cire takalmin, shi kuma a lokacin yana waya. A hankali, cikin mutunci, ba tare da ya saki kan keken ba, ya kishingiɗa cikin taɓo.

"Wannan ita ce faɗuwar ƙwararru," ya ce daga ƙasa. "Ku lura da yadda na kare kafaɗa."

Sai da mutum uku suka zare shi daga cikin takalman, sannan suka zare takalman daga keken. Bai taɓa sanin laka tana da sanyi haka ba, don tasa ta roba a ɗumin mota take kwana.

Daga nan ya ce zai tura keken, don ya nuna musu dabarar turawa. Da aka zo mararraba ya tsaya. Shekara shida ya san dutsen nan daga sama kamar tafin hannunsa, daga ƙasa kuwa yau suka fara gaisawa. Ya ɗauki hagu da ƙarfin hali, jama'a suka bi shi, don suna tsammanin wata hanyar sirri ce ta manya. Bayan minti ashirin suka tsinci kansu a garken awakin wani manomi. Manomin ya dube su, awakin ma suka dube su.

"Na gwada ku ne," in ji Zakin Tudu. "Ba ko ɗaya da ya yi magana. Wannan ita ce matsalar mabiya a yau."

Aka juyo. Rigunan sanyi uku da ya jibga suka jiƙe sharkaf, na'urar bugun zuciya ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Tsoro na gaske ya kama shi, ba na mutuwa ba, na kujera. Ƙoli na nan sama ana hango shi, bai fi tafiyar rabin sa'a ba, amma ƙafafunsa sun riga sun ajiye aiki. Ya sami wani faffaɗan dutse ya zauna.

"Daga nan zan fi ganin yadda kowa ke tafiya. Ku wuce. Direba, ɗauki keken nan ka kai shi sama, ka tsaya da shi inda nake tsayawa. Ka gaya musu yana wakiltata."

Baba Direba ya ce to. Shekara talatin yana zuwa aiki a kan wani tsohon keke mai giya ɗaya, daga unguwar da ke kan tudu. Ya naɗe ƙafar wando, ya taɓa giyar sau biyu har ta yi laushi, ya hau da silifas ɗinsa. Mutane suka tsaya suna kallo yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, har yana yi musu sannu.

Zakin Tudu ya zauna shi kaɗai, iska na shiga ta rigunan da suka jiƙe, haƙoransa na kaɗawa. Can sai ya jiyo tafi daga sama, mai ƙarfi, mai tsawo. Zuciyarsa ta yi fari. Ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe wando, ya ɗaga wa dutsen hannu, ya fara tsara jawabin godiya wanda zai nuna bai so ba, jama'a ce ta matsa.

Sakatariya ce ta fara saukowa. Ta ce an duba sashe na huɗu, an ga bai ambaci keke ba. Ƙuri'a ashirin da takwas sun tafi ga mamban da ya fara isa ƙoli. Shi kuwa Zakin Tudu ya sami ƙuri'a ɗaya, wadda aka soke, kuma sabon shugaban ne ya jefa masa ita.

Baba Direba ya iso yana tura keken, kunya ta ishe shi. Ya rusuna kamar kullum, ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa maigidansa.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ni ma ban nema ba. Sun ce in fara shirya fita ta musamman saboda sababbin koyo, a fili, inda ba hawa. Zuwa yanzu suna ɗaya Sakatariya ta rubuta. Ƙarfe nawa zan zo in ɗauke ka?"